Karatun Lungu da Kududdufi

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina jan tef, ina dasa turaku, ina leƙa na'urar safiyo cikin rana, har na ajiye aiki ban taɓa jin wani ya kira abin da muke yi bincike ba. Awo muke ce masa. Sai a damunar bara 'yar ƙanwata, wadda ke digiri na biyu a fannin tsara birane, ta zo gaishe ni da kwamfuta a jaka. Bayan ta sha ruwa ta buɗe ta a kan tabarma ta ce, "Kawu, zo ka ga unguwarku."

Hoton tauraron ɗan'adam ne na cikin birnin Kano. Ta ja miƙaƙƙen layi a kan kowane titi da kowane lungu, ta bar na'ura ta lissafa wanne ya fi haɗuwa da 'yan'uwansa. Wanda hanyoyi suka fi zubowa cikinsa ya fito ja, wanda ya zama saniyar ware ya fito shuɗi. Manyan titunan da suka taso daga ƙofofi duk ja wur, wannan babu gardama. Sai ta ɗora yatsa a kan wani guntun layi shuɗi a bayan gidan da aka haife ni.

"Wannan kam matacce ne, Kawu. Ba ya ɓullewa."

Na yi dariya har da tari. Tun ina yawo da allo babu hanyar da mata da yara suka fi bi a unguwarmu kamar wannan lungun da ta kashe. A ƙarshensa akwai tsohon zaure mai ƙofa biyu da masu gidan suka daɗe da sallama wa jama'a. Ka shiga ta nan, ka sunkuya, ka fita ta can, sai ga ka a hanyar kasuwa. Tauraro rufin soro ya hango daga sama, ya ɗauka bango ne.

Ba raina aikinta nake yi ba, don hanyar da ta bi tana da iyaye. Wasu malaman jami'a ne a Landan, Bill Hillier da Julienne Hanson, suka shimfiɗa ta a littafinsu na 1984, kuma sunan da suka ba ta idan aka juya shi Hausa zai zama nahawun sarari: hanyoyin gari suna da ƙa'idar haɗuwa kamar yadda kalmomi suke da ita, kuma daga haɗuwar kaɗai ana iya hasashen inda ƙafa za ta fi takawa. A wurare da yawa hasashen yana dacewa. Amma gardamar da muka yi ran nan ta sa na kwance ƙullin tsofaffin takarduna, ina son in tuna yadda mutane suka koyi karanta ƙirar gari, da kuma wanne daga cikin mabuɗansu yake buɗe ƙofar Kano.

Na gida ya kamata a fara da shi. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, yawanci don jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe ake karanta shi. Ni da idon mai awo na karanta, kuma na lura marubucin bai manta da ƙasa ba. Ya ce Sarki Gijimasu, wanda a lissafin Palmer ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Ya faɗi inda aka soma aikin, wato Rariya, ya ce shanu ɗari aka yanka a ranar farko, sannan ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ya ce takwas ne. Ɗansa Yusa, da ake kira Tsaraki, ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwar, ya gina gidan sarauta a sabon fili kudu da tsohon gari, ya kafa kasuwar Kurmi. Muhammadu Nazaki ya sake ƙara mata a farkon ƙarni na 17. Duk wanda ya zo daga baya yana neman sawun tsohuwar ganuwa a cikin sabuwa, irin su H. L. B. Moody da ya bi ganuwar da ƙofofinta ya wallafa a ƙarshen shekarun 1960, da Farfesa Bawuro Barkindo da ya rubuta tarihin ƙofofin a 1983, daga wannan littafin yake ɗaura alwala.

Sai matafiya, waɗanda kayan aikinsu ƙafa ne da ido da agogo da kamfas. Hugh Clapperton ya shigo a watan Janairun 1824. Ya ƙiyasta zagayen ganuwar kusan mil 15, mutanen garin dubu 30 zuwa 40, ya kuma lura da abin da ya fi min kowane adadi amfani: gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwar ba. Saura gonaki ne da fadama da fili. Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya iso a Fabrairun 1851, ya sauka a unguwar Dala, ya hau dutsen ya zana garin, ya jera sunayen unguwanni. Shi dubu 30 ya ƙiyasta, ya ce a lokacin fatauci sukan ninka. A zanensa ruwan Jakara ne ya raba gari biyu. Wanda ya san Kano ta yau, inda ake saye da sayar da ɗaki guda a cikin birni da kuɗin da zai gina gida a ƙauye, zai yi wuya ya yarda cewa an taɓa shuka dawa a cikin badala har a girbe. To, dalilin ganuwa ke nan tun asali. Idan maƙiyi ya yi wa gari zobe, mutanen karkara su shigo da dabbobinsu, a sami inda za a sauke su da abin da za a ci.

Amma matafiyi kwatanta abin da ya gani yake yi ya wuce. Mai da abin ilimi mai ƙa'ida, wannan masanan labarin ƙasa na Jamus ne suka fara, tun daga rubutun Otto Schlüter na 1899 a kan shimfiɗar garuruwa. Wanda ya kai shi gaci kuwa ɗan gudun hijira ne. M. R. G. Conzen an haife shi a Barlin a 1907, ya bar Jamus a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki, ya zauna a Ingila. A can ya zaɓi wani ɗan ƙaramin gari a arewa mai suna Alnwick (su Anik suke furtawa, sauran haruffan ado ne) ya bi shi titi-titi, fili-fili, yana gwada tsofaffin taswirori da sababbi da rajistocin mallaka na ƙarnuka. Littafin ya fito a 1960. Ni sai a shekarun 1990 na gan shi, fotokwafi ne ma, wanda wani malamin jami'a da muka yi aikin awo tare ya ara min, wasu shafukan taswirorin sun yi baƙi ƙirin ba a ganin komai. Wata uku na yi ina tauna shi da ƙamus.

Abin da na tsinta bai fi a faɗe shi a zaune ɗaya ba. Conzen ya ce gari abu uku ne da aka ɗora kan juna: shimfiɗarsa, wato hanyoyi da iyakokin filaye da gurbin gine-gine, sai ginin kansa, sai abin da ake yi a cikin ginin. Kuma ba tare suke tsufa ba. Abin da ake yi a ɗaki yana iya sauyawa a shekara guda, yau tela gobe mai cajin waya. Gini yakan kai jika ko tattaɓa-kunne. Iyakar fili ta fi gini daɗewa. Hanya kuwa ta fi kowa taurin rai, don kafin a karkata ta sai an taɓa haƙƙin mutum hamsin. Saboda haka mai neman tsohon gari kada ya tsaya kallon bango, ya dubi inda hanya ta lanƙwasa ya tambayi abin da ta kauce wa.

Ranar da na fahimci wannan sai na ji kamar an wanke min ido. Alnwick ma ta taɓa yin ganuwa a ƙarni na 15. Ta rushe, ƙofa ɗaya ta asali ta rage, wata kuma an sake gina ta a ƙarni na 18 da salon zamanin. Sai na tuna da wannan a 2010, lokacin da aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi aka sake ta da siminti. Ginin ya tafi, amma har gobe duk mai fita ta wannan kusurwar ta nan zai bi, don lungunan da ke bayanta tun ƙarnuka can suka saba zubowa.

Akwai wata fahimta da Conzen ya gada daga Herbert Louis, wanda ya lura da ita a Barlin a 1936, kuma ita ce ta fi kama Kano kamar don ita aka ɗinka. Sun ce idan wani abu ya dabaibaye gari ya hana shi miƙe ƙafa na dogon lokaci, ganuwa ce ko kogi ko layin dogo, to a gindin wannan dabaibayin ake jibge duk abin da ke son fili mai yawa da araha, ko abin da ba a son sa kusa da ɗakin kwana. Daga baya garin ya tsallake ya ci gaba, amma wannan ɗamarar tana nan a tsakiyarsa, ana gane ta da manyan filaye da ƙarancin gidaje. To, ɗauki babur ka zagaya badala. A Ƙofar Mata ga Filin Idi, ga filin wasa na Sani Abacha, ga asibitin Murtala, ga karofi. Ƙofar Wambai kasuwa. Wajen Mazugal mayanka da maƙabarta. Ƙofar Ruwa kasuwar kayan gini da kayan gyaran mota. Ka gangaro Kabuga ga tsohuwar kwalejin ilimi ta tarayya ga tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, ka biyo titin da ya bi gindin ganuwa ta kudu ga Kwalejin Rumfa. Babu wani sarki ko gwamna guda da ya zauna ya tsara wannan zoben. Kowanne a zamaninsa ya nemi fili, ya samu a inda gari ya tsaya. Hatta sababbin ƙofofin labari suke bayarwa: Ƙofar Famfo sunanta ya tona dalilin huda ta.

Inda mabuɗin Conzen ya fara cijewa shi ne takarda. Shi ya tarar da gari mai tarin taswirori, mai gidajen dutse, mai filaye dogaye sirara da aka yanka tun tsakiyar zamani aka rubuta sunan mai kowanne. Mu kuwa awon da aka fara yi mana a farkon zamanin Turawa na gonaki ne, malaman taki suna auna su da ƙafa don a yanka haraji. Gidan cikin birni shaidarsa maƙwabta ne da mai unguwa da alƙali. Kuma ginin ƙasa ne. Tubali da azara da makuba, idan aka bar su damuna uku babu yaɓe, sai su fara komawa inda suka fito. Wanda ya zo neman bangon zamanin Rumfa a cikin unguwa zai sha wuya.

To me ke riƙe da ƙirar? Gado. Bari in ba da misali da gidan kakana, don shi na fi sani. Gida ɗaya ne babba, zaure a gaba, shigifa, tsakar gida mai rijiya, sassa a zagaye, da garka a baya. Da ya rasu aka fitar da tumunin takaba, aka raba saura namiji kashi biyu mace ɗaya. Waɗanda rabonsu ya faɗa can ciki suna bukatar mafita, don ba za a yi ta ratsa tsakar gidan wani ba bayan kowa ya ja katanga. Sai aka yanki siririn wuri a gefen gabas aka bar shi hanya. Wani ƙanen kakana magini ne, shi ya auna faɗin, kuma ma'auninsa ba tef ba ne. Cewa ya yi a bar inda jaki zai wuce da mangala, kuma makara za ta fita da masu ɗaukarta ba tare da an karkata mamaci ba. Da babana da 'yan'uwansa suka kau aka sake rabo, lungun ya ƙara tsawo ya yi gwiwa. Yau ƙofa bakwai ke buɗewa cikinsa, duk jini ɗaya. Wanda ya kalle shi daga sama zai ce hargitsi ne. Wanda ya san dangin zai iya karanta salsalarmu daga lanƙwasarsa, wa ya haifi wa, wa ya riga wa mutuwa.

Ban san wani ya taɓa mai da wannan bincike ba sai da na ci karo da aikin Friedrich Schwerdtfeger, Bajamushen da ya auna gidaje a birnin Zariya, littafinsa ya fito a 1982 yana gwada Zariya da Ibadan da Marakish. Dabararsa mai sauƙi ce, kuma a ganina ta fi duk sauran dacewa da mu: kowane gida ya zana shimfiɗarsa, a gefe kuma ya zana salsalar mutanen ciki, sannan ya bi yadda biyun suke sauyawa tare. Aure ya zo, ɗaki ya tashi. Mutuwa ko saki ya zo, ɗaki ya zama kango, ƙasarsa ta shiga ginin wani. Conzen ma ya yi maganar fili da ke cika da gini har ya shaƙe, a rushe, ya zauna fayau kafin a sake, ya kuma aro sunan wannan hutun daga manoma, abin da mu muke kira saura. Amma abin da ke ɗaukar ƙarnuka a Alnwick, a gidan ƙasa yana iya zagayowa a rayuwar mutum ɗaya.

A bayan rabon gado kuma akwai fiƙihu, wanda masu taswira sukan manta da shi. Besim Hakim ya nuna a littafinsa na 1986 a kan tsohon birnin Tunis cewa lungunan da baƙi ke ɗauka rashin tsari ne, hukuncin Malikiyya ne ya sassaƙa su: kada ka cutar da maƙwabci, kada ka buɗe taga ko ƙofa inda za ka leƙa cikin gidansa, kada indararonka ya zuba a bangonsa, idan an yi jayayya kan faɗin hanya a bar zira'i bakwai, lungu marar ɓullewa kuma mallakar mazauna cikinsa ne. Daga baya shi da Zubair Ahmed sun bi irin waɗannan hukunce-hukuncen a rubuce-rubucen malaman ƙasar nan na ƙarni na 19, suka wallafa a 2006. Ni tun kafin in karanta su na sha ganin mai unguwa ya tsayar da magini ya ce a matsar da ƙofa taku biyu don ta yi saitin zauren wani. Ashe tsarin gari ne yake yi, ba shi da ofis ne kawai.

'Yan Italiya ta wata ƙofar suka shigo. Saverio Muratori, masanin zanen gini, ya sa ɗalibansa sun bi Benis, birnin nan da ake yawo cikinsa da kwale-kwale, gida-gida a shekarun 1950, almajirinsa Gianfranco Caniggia ya yi irin haka a Como. Su abin da suke nema shi ne samfurin gida da ke cikin kan mutanen gari, wanda magini ke ginawa ba tare da an zana masa ba. Wannan kam muna da shi, ba sai an faɗa ba. A Najeriya Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya, littattafansa uku suka fito a 1990 bayan rasuwarsa. Hamman Tukur Saad kuma a digirinsa na uku na 1981 ya je ya zauna da maginan kansu ya ji yadda suke tunanin bakan gizo da ɗaurin guga. Samfurin ya fi tubali ƙarko. Shiga gidan bulo da kwano a Kurna ko Ɗorayi, za ka tarar an bar ɗan ɗaki a bakin get inda baƙo namiji zai tsaya, kuma ƙofar ciki ba ta saitin ta waje. Zaure ne ya sa rigar siminti.

Akwai shaida guda da ban gani a littafin Conzen ko na Muratori ba, don garuruwansu da dutse da ƙonannen bulo aka gina su. Kududdufi nake nufi. A bayan gidanmu akwai ɗaya, kore shar da kainuwa, inda muka koyi iyo muka sha bulala a kai. Muna yara mun ɗauka Allah ne ya ajiye shi haka kamar Dala. Ƙanen kakan nan nawa ne wata rana ya nuna min shi da sanda ya ce, "Kai yaro, ka ga ramin nan? Gidajen unguwar nan ne a kife." Na girma kafin na gane maganar. Duk tubalin da ke bangon unguwa daga nan aka haƙo shi, don ba wanda zai ɗauko ƙasa daga nesa a kan jaki alhali ga ta a ƙofar gida. Kowace shekara bayan damuna a sake haƙa a yi yaɓe. Saboda haka zurfin kududdufi da faɗinsa ma'auni ne na yawan ginin da aka yi a kewayensa da daɗewar da aka yi ana yi. Unguwa tsohuwa mai cinkoso, ramukanta manya. Ganuwa ma haka: ƙasarta daga gefenta aka tono, ramin ya zama ƙarin kariya. Wanda ya bi titin Jami'ar Bayero daga Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya shekarun baya ya ga jerin ruwa a gindin badala. Inda ganuwa ta zube ta ɓace, layin ramukan yakan ci gaba da nuna inda ta bi.

Kuma ramin da gini ya haifa shi ne ke shanye ruwan da ginin ya kora. Lungunanmu da dama magudana ne kafin su zama hanya, shi ya sa suke gangarawa kududdufi, kududdufi ya cika ya miƙa wa na gaba, har a kai Jakara. Tsari ne cikakke, ba a takarda yake ba.

A nan sai in faɗi laifina. Da bulo ya zo aka daina haƙar ƙasa, ramukan suka zama juji, juji ya cika ya zama fili, fili ya zama kuɗi. An taɓa tura mu wani irin wannan wurin, ni na riƙe na'ura, yarana suka dasa turaku, muka fitar da fulotai reras, ƙafa hamsin da ɗari, na sa hannu. A taswirar da na zana babu abin da ke nuna ruwa ya taɓa kwana a wurin. Damuna ta uku bayan an tare, na bi ta unguwar na ga katifu a kan katanga, mata suna kwalfe ɗakuna da bokiti. Ruwan bai yi ɓatan kai ba, gidansa ya dawo. Wani dattijo da ke zaune a dakali ya gane ni, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam mai awo, da ka tambaye mu." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na zo da na'ura daga ofis.

Sunaye su ne ɗaya rumbun. Wani Ba'amurke, Kevin Lynch, a binciken da ya wallafa a 1960 ya sa mazauna Bostan da wasu birane biyu su zana masa garinsu da ka, don ya ga abin da ya zauna a zukatansu. Da Kano ya zo da bai wahala ba, don mun riga mun rubuta namu a bakin mutane. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi: kowanne ya faɗi daga ina aka zo. Dandalin Turawa ba na Ingila ba ne, Larabawan arewacin Afirka ne fatake. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake, Alkantara daga ta gada. Soron Ɗinki da Dukawa sana'a. Durumin Iya da Rimin Kira bishiyoyi ne da suka zama adireshi. Ka jera waɗannan a kan taswira, ka ga yadda unguwannin baƙi da 'yan kasuwa suka yi wa Kurmi ƙawanya, unguwannin masu sarauta suka jingina da gidan sarki, kuma ba ka haƙa ko taku ɗaya ba.

Wajen ganuwa kuwa karatunsa ba wuya, don da rula aka rubuta shi. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 da tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna. Ƙa'idar zamanin Gwamna Lugga, wadda dokar garuruwa ta 1917 ta zo a cikinsa, ita ce a bar ratar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don sauro. A garuruwa da yawa filin sukuwa da na golf ne suka cike wannan ratar, wata ɗamarar ke nan, amma ita da gangan aka ɗaura ta. Bayan 'yancin kai B. A. W. Trevallion ya tsara wa Kano shirin shekara ashirin, 1963 zuwa 1983. Garin ya bi shi a wasu wuraren, a wasu ya yi gaban kansa. Mafi yawan abin da ya ƙaru tun daga lokacin awon igiya ne, mai gona ya kira dillali a yanka masa. Mu ma'aikata raina shi muke yi. Sai da na ajiye aiki na lura cewa a irin waɗannan unguwannin iyakar tsohuwar gona ita ce ke zama titi, turbar da ake bi zuwa rijiya ta zama layin 'yan adaidaita. Maganar Conzen ce dai, a wurin da bai taɓa takawa ba.

Ranar Asabar da ta biyo bayan gardamarmu na ce wa 'yar ƙanwata ta bar kwamfutar a gida ta sa takalmi marar tsini. Muka shiga lungun shuɗi. Faɗinsa na nan yadda aka bar shi, sai dai wani ya ci taku guda da matattakalar bene, makara yanzu sai an ɗan karkata. A bakin zauren mai ƙofa biyu muka tarar da wata tsohuwa tana suyar awara, ta ɗaga kai ta dube ni ta kira ni da sunan da ban ji ba tun rasuwar mahaifiyata. Muka durƙusa muka gaisa. Muna tsaye a wurin minti goma yarinyar tana ƙirga masu wucewa a bayan littafinta, 'yan talla, 'yan makarantar allo, mata da mayafi, wani mai kura da ya san daidai inda zai sunkuya.

"Iya, tun yaushe ake bi ta nan?" in ji ta.

"Ni dai da aka kawo ni amarya ta nan aka shigo da ni," in ji tsohuwar. Ta juya awara. "Amma ku yi kallon ƙarshe. Magada sun ce bayan Sallah za su toshe ƙofar can su yi shago."

Da daddare ta ƙara ɗan guntun layin da bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba a allon, ta sake sa na'ura ta yi lissafi. Lungun ya tashi daga shuɗi ya koma ruwan goro, wasu lunguna huɗu da ke maƙwabtaka da shi su ma suka sauya launi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta adana taswirar gida biyu, ɗaya ta sa mata suna kafin Sallah, ɗaya bayan Sallah, ta tambaye ni ko na san wani zauren irin wannan. Na ce na san uku, amma ɗaya sai da mace za a shiga.